Abin da Ɗan Fari Yake Sauyawa a Ƙwaƙwalwar Iyayensa



Waɗanda suka san ni a ajin Nahawu na ranar Asabar, wataƙila ba duka suka san cewa sauran ranakun mako ungozoma ce ni a asibiti ba. Saboda wannan aikin ne 'yan matan da suka taso a makarantar nan, idan sun yi aure sun sami cikin fari, sukan tare ni bayan an tashi da tambaya kusan iri ɗaya: "Malama, na zama mai mantuwa, in ajiye makulli in rasa inda na sa shi. Anya kaina lafiya?" Samarinmu da suka zama magidanta su ma suna da tasu, sai dai sukan daɗe suna kewaye-kewaye kafin su faɗa: "Malama, an miƙo mini yaron na riƙe, amma wannan son da ake ta faɗa ni ban ji shi ba."

Amsoshin biyu suna cikin ƙwaƙwalwa. A 'yan shekarun nan masana sun riƙa ɗaukar hoton ƙwaƙwalwar mutane kafin haihuwar fari da kuma bayanta, sun ga cewa ƙwaƙwalwar baligi tana sake tsari idan ya sami ɗa. Sauyin yana shiga ne ta ƙofa biyu. Ta farko ita ce ciki, kuma wannan ta mace ce kaɗai. Ta biyu ita ce reno, wato ɗauka da rarrashi da tashin dare, kuma a buɗe take ga duk wanda ya sa hannu.

Ƙofa ta farko: ciki

Jiki yana aika saƙo daga wata gaɓa zuwa wata ta hanyar sinadaran da ke yawo a cikin jini, waɗanda ake kira homon. Lokacin ciki, mabiyiya tana zubo homon guda biyu, istirojin da furojestaron, da yawan da jikin mace bai taɓa gani ba. Suna isa har ƙwaƙwalwa, domin ƙwayoyinta suna da wuraren karɓarsu. Akwai kuma wani ɗan ƙulli a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa mai girman ƙwayar wake, wanda ɗalibanmu za su tarar a littattafan kimiyya na Larabci da sunan gudda nukhamiyya. Shi ma yana ƙara girma, domin shi ke samar da furolaktin, homon ɗin da ke sa ruwan nono ya zo. Da zarar an haihu mabiyiya ta fita, istirojin da furojestaron sukan faɗo ƙasa warwas cikin 'yan kwanaki.

A ƙarshen shekarar 2016, wata masaniya mai suna Elseline Hoekzema da abokan aikinta suka fitar da sakamakon binciken da suka yi a Basalona ta ƙasar Sifaniya. Sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mata 25 da na'urar MRI kafin su sami cikin fari, suka sake ɗauka bayan sun haihu, sannan suka kwatanta da na matan da ba su yi ciki ba. Domin a fahimci abin da suka gani, a san cewa ƙwaƙwalwa tana da ɓangare mai ruwan toka, inda ƙwayoyin tunani suke a tare kamar gidaje a unguwa, da kuma farin ɓangare, wanda yake kamar wayoyin da suka haɗa wannan unguwa da waccan. A matan da suka haihu, ɓangaren ruwan toka ya ragu a wasu wurare sanannu. Tsarin raguwar ya yi kama a tsakaninsu, har kwamfuta ta iya ware wadda ta yi ciki daga wadda ba ta yi ba ta duba hoton kawai. Bayan shekara 2 sauyin yana nan, kuma da aka sake bibiyar wasu daga cikinsu, an tarar da shi bayan shekara 6.

Kalmar raguwa takan tayar da hankali, don haka mu duba inda aka ragu. Wuraren su ne waɗanda mutum ke amfani da su wajen gane abin da ke zuciyar wani, ya karanta fuska, ya fahimci bukatar wanda bai yi magana ba. Da aka nuna wa matan hoton jariransu, waɗannan wuraren ne suka fi motsawa. Kuma waɗanda sauyinsu ya fi yawa su ne suka fi nuna shaƙuwa da 'ya'yansu a gwajin da aka yi musu. Masu binciken sun fassara abin a matsayin gyara, irin wanda ƙwaƙwalwa ke yi wa kanta lokacin balaga, inda take rage haɗe-haɗen da ba ta bukata domin waɗanda suka rage su yi ƙarfi. Duk wanda ya taɓa noma ya san haka: idan gero ya tsiro cunkus a rami ɗaya, manomi yakan cire wasu, sauran su sami wurin yin zangarniya. Jariri ba ya magana, kuka ne da motsin fuska kaɗai ke gare shi, saboda haka yana bukatar mai iya karanta su.

A shekarar 2024 masana a jami'ar Kalifoniya ta Santa Babara suka ƙara haske. Sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mace ɗaya mai shekara 38 har sau 26, tun daga mako 3 kafin ta sami cikin fari zuwa shekara 2 bayan haihuwa. Ɓangaren ruwan toka ya riƙa raguwa sannu a hankali yayin da homon ke hawa, kimanin kashi 4 cikin 100 a mafi yawan wuraren da aka auna. Farin ɓangaren kuwa ingancinsa ƙaruwa ya yi har tsakiyar ciki, sannan ya koma yadda yake daf da haihuwa.

To, mantuwar fa?

Gaskiya ce, kuma an auna ta. A 2018 masana a jami'ar Deakin ta Ostireliya sun tattara bincike 20 da suka shafi mata masu ciki 709 da marasa ciki 521. Sun ga masu ciki sun ɗan yi ƙasa a gwajin tunawa da na tsara al'amura, musamman a watanni ukun ƙarshe. Amma bambancin ƙarami ne, bai fitar da su daga sahun masu lafiya ba. Irinsa ne wanda mace da mutanen gidanta za su lura da shi, kamar manta ranar awo ko barin tukunya a wuta, amma ba ya hana ta aikinta ko karatunta.

Bayan haihuwa kuma babban ɓarawon tunani shi ne rashin barci. Sabon jariri yakan sha nono sau 8 zuwa 12 a dare da rana, ita kuwa ƙwaƙwalwa cikin barci take adana abin da aka koya. Ko namiji mai ƙarfi aka riƙa tasarwa duk bayan awa 2 har tsawon wata guda, zai manta lambar wayarsa. Ga kuma hankalin da ya koma wuri ɗaya. Wadda ta manta inda ta ajiye makulli za ta faɗa miki ƙarfe nawa yaro ya sha nono na ƙarshe, da kalar kashin da ya yi jiya. Ina shawartar ƙannena su riƙa rubuta abin da suke son tunawa, su sa ƙararrawa a waya, su kwanta duk lokacin da yaron ya yi barci.

Ƙofa ta biyu: reno

Akwai homon ɗin da ƙwaƙwalwa ke yi da kanta mai suna oksitosin. Shi ke sa mahaifa ta matse lokacin naƙuda, shi ke sa nono ya sauko, har wata mai jego idan ta ji kukan ɗanta daga wani ɗaki sai ta ga rigarta ta jiƙe. Tsotson nono yana ƙara shi, haka ma runguma da haɗa ido. Akwai kuma wani ɗan yanki a can cikin ƙwaƙwalwa mai suna amigdala, wanda Larabci ke kira lauza saboda siffarsa. Aikinsa gadi. A sabuwar uwa yakan kasance a faɗake ƙwarai, shi ya sa take barci cikin ƙarar motoci amma tarin jariri ɗaya ya tashe ta.

Tun a 1967 wani masani a Amurka, Jay Rosenblatt, ya nuna cewa reno kansa yana iya kunna wannan tsari. Ya riƙa sa jariran ɓera a kejin ɓerayen da ba su taɓa haihuwa ba. Da farko guje musu suke yi. Cikin kimanin mako guda sai suka fara lasarsu, suna kwashe su zuwa sheƙa, suna kwanciya a kansu. Har mazan ɓerayen sun yi haka. Mutum ba ɓera ba ne, amma duk wadda ta ga yadda uwar riƙo ke shaƙuwa da ɗan da ba ita ta haifa ba, ta san akwai soyayyar da yau da gobe ke ginawa.

Ko uwar da ta haifa ma ba kullum son ke sauko mata nan take ba. Wani bincike da aka buga a Ingila a 1980 ya nuna kusan kashi 40 cikin 100 na masu haihuwar fari ba su ji wani abin kirki a zuciya ba lokacin da suka fara riƙe jaririn, galibinsu sai cikin mako guda son ya shiga. A ɗakin haihuwa ina ganin haka sau da yawa, musamman bayan doguwar naƙuda ko tiyata. Kada wadda ta ji haka ta zargi kanta.

Ƙwaƙwalwar uba

Namiji bai ɗauki ciki ba, don haka ƙofa ta biyu ce kaɗai tasa. Binciken farko na Basalona bai ga sauyi a mazajen matan ba. Amma a 2022 aka sake dubawa da kyau, aka haɗa sababbin ubanni 20 na Sifaniya da 20 na Kalifoniya, aka kwatanta da mazan da ba su haihu ba. An ga raguwar ɓangaren ruwan toka a wuraren gani da na fahimtar mutane, kimanin rabin abin da aka gani a mata, kuma ta bambanta sosai daga wannan uba zuwa wancan.

Dalilin bambancin ya fito a wasu binciken. A birnin Sebu na ƙasar Filifin, Lee Gettler da abokan aikinsa sun bibiyi samari 624 na tsawon shekara 4 da rabi, suka buga sakamakon a 2011. Waɗanda suka yi aure suka haihu a tsakanin, homon ɗinsu na maza, wato testostaron, ya sauka da kashi 26 cikin 100 da safe, kashi 34 da yamma. Ubannin da suke kula da yaro awa 3 ko fiye a rana nasu ya fi na waɗanda ba sa taɓa reno sauka. Kada magidanta su tsorata, wannan ba ciwo ba ne. Masanan suna ganin jiki ne ke rage kuzarin gasa da neman aure, yana karkata shi zuwa kula da gida.

A Tanzaniya ma an kwatanta ƙabilu biyu maƙwabta a binciken da aka buga a 2009. Mazan Hadza, mafarauta, suna ɗaukar yaransu suna kwana kusa da su, kuma ubanninsu testostaron ɗinsu ya gaza na waɗanda ba su haihu ba. Mazan Datoga, makiyaya, ba su cika zama da ƙananan yara ba, kuma ba a ga bambanci tsakanin ubanninsu da sauran mazansu ba. Haihuwar kaɗai ba ta sauya su ba, sai wanda ya zauna da yaron.

Masaniya Ruth Feldman da abokan aikinta sun auna oksitosin a jinin ma'aurata 80 masu haihuwar fari a 2010, suka tarar na ubanni ya yi daidai da na uwaye, kuma duka biyun sun ƙaru daga makonnin farko zuwa wata 6. A wani bincikensu na 2014 sun ga cewa gwargwadon lokacin da uba ke yi yana reno, gwargwadon ƙarfin haɗin da ke tsakanin amigdalarsa da yankin fahimtar mutane.

Wanda ya fi burge ni shi ne na 2013, da aka yi da iyalai a Faransa da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango. An kunna wa iyaye kukan jarirai daban-daban a ce su zaɓi na ɗansu. Uwaye sun dace sau 9 cikin 10 ko fiye. Ubannin da ke zama da jariri aƙalla awa 4 a rana su ma haka. Waɗanda ba su kai haka ba sun tsaya wajen kashi 75 cikin 100. Ashe kunnen da muke cewa na uwa ne, kunnen wanda ya zauna ne. Ga amsar ƙannena maza ke nan: son da kuke jira ya faɗo muku, ta hannuwanku zai shiga.

Mu da muke zaune a Birtaniya

A gida, mai cikin fari takan tafi goyon ciki gidan iyayenta, ta haihu a can, ta yi arba'in ko fiye. Akwai kaka, akwai gwaggo, akwai inna, kowa na karɓar yaro ita ta rintsa. Miji yakan zo ganin jariri kamar baƙo. Ga kuma kunyar ɗan fari, uwa ba ta kiran sunansa, uba ba ya ɗaukarsa a gaban manya. Wannan tsari ya yi aiki saboda hannaye suna da yawa, mai jego ta sami barci, yaro bai rasa mai ɗauka ba.

A nan kuwa sau da yawa mutum biyu ne a gida, bizar kaka ba ta fito ba ko ta zo ta koma. Idan miji ya ja baya saboda kunya, duk aikin da mata biyar suke rabawa a gida ya faɗo kan mace ɗaya, ga shi hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Shi ma ya yi asarar watannin da ƙwaƙwalwarsa za ta koyi ɗansa. Ban ce a zubar da kunya ba. Mai ɓoye sunan ɗan fari ya ci gaba da kiransa da laƙabi, wannan ba ya hana shi canza famfas da ƙarfe 3 na dare, lokacin da babu suruki a wurin.

Doka a nan ta ba uba ma'aikaci hutun haihuwa har mako 2. A ɗauke shi duka, kada ya ƙare a zirga-zirgar ragon suna da ɗaukar baƙi daga filin jirgi. Uba ya riƙa kwantar da jariri a ƙirjinsa fata da fata, yana farke. Ya zaɓi aiki ɗaya ya zama nasa kullum, ko wanka, ko sa gyatsa bayan shan nono, ko fita da yaro da safe uwar ta yi barcin awa 2 a jere. Ya riƙa yi masa magana da Hausa yana kallon fuskarsa. Ke kuma ƙanwata, idan ya riƙe yaron a karkace, nuna masa sau ɗaya ki bar shi, kada ki fizge. Ke ma da yi kika iya. Idan kuka ya yi yawa har ran mutum ya ɓaci, a kwantar da jariri a gadonsa, a fita ɗakin na 'yan mintuna. Kada a taɓa girgiza shi, yana iya lalata masa ƙwaƙwalwa.

Lokacin da abin ya zama ciwo

Faɗuwar homon bayan haihuwa takan kawo kuka ba dalili da saurin fushi, wajen kwana na 3 ko na 4. Mata da yawa suna yinsa, kuma yakan wuce cikin mako 2. Idan ya zarce haka, mai jego ba ta jin daɗin komai, ba ta iya barci ko yaro ya yi barci, tana ganin ita ba uwar kirki ba ce, to wannan ciwon damuwa ne na bayan haihuwa. Yana kama fiye da mace 1 cikin 10. Wani nazari na 2010 da ya tattara bincike 43 ya nuna kusan uba 1 cikin 10 shi ma yana kamuwa, galibi tsakanin wata 3 zuwa 6, kuma a maza yakan fito a matsayin faɗa, ko daɗewa a waje, ko shiru. Yana da magani. A faɗa wa ungozoma, ko ma'aikaciyar lafiyar da ke zuwa gida daga kwana 10 zuwa 14, ko likitan iyali a dubawar mako 6 zuwa 8.

Akwai mai tsanani da ke kama mace 1 ko 2 cikin 1,000, yawanci a mako 2 na farko. Mai jego ta rikice, tana jin muryoyi ko ganin abin da babu, tana surutai, ta kwana ba barci ba ta gaji ba. Mutanenmu sukan ce iska ce ko sammu, a ɓoye ta a ɗaki. Wannan ciwon ƙwaƙwalwa ne na gaggawa, a kira 999 a ranar, haka kuma idan tana tunanin cutar da kanta ko jaririn. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti. Na san tsoron da ke hana wasu magana shi ne kada hukuma ta ƙwace yaro. Hakan ba kasafai yake faruwa ba, har ma akwai ɗakunan asibiti na musamman inda ake kwantar da uwa tare da jaririnta har ta warke.

Roƙona na ƙarshe ga iyayenmu ne da kakanni, na nan da masu kiran waya daga Kano ko Damagaram. Idan kuka ga ɗanku ko surukinku da jariri a kafaɗa, kada a ce masa mijin-ta-ce, a sa masa albarka. Idan kuma kun tambayi lafiyar yaro, ku tambayi mai jego awa nawa ta yi barci jiya, ku jira ta ba ku amsa.

Allah ya raya mana abin da muka haifa, ya ba masu ciki sauka lafiya.